Makarantar da Rukayya Ta Gina da Kara

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya ba ni ido da kunne har na ci abinci da su. Sunana Gambo, amma in kun shiga ƙauyukanmu na wajen Makoda kuka ce Gambo, sai a yi ta tambayarku wace Gambon. Ku ce Iya Matiron. Matan da suka kwana a hannuna a makarantar kwana ta 'yan mata, yau wasu suna asibiti suna yi wa mutane allura, wasu sun aurar da 'ya'ya, kuma har gobe in na shiga gidan biki sai ka ga wata uwar mata ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ba ta ma san ta yi ba. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce a rubuta yadda ya fito daga bakina.

Abin da ya zaunar da ni, wata 'yar maƙwabtanmu ce da ta gama karatu take neman irin aikina. Ta ce da ni, "Iya, ai aikin nan yanzu hutu ne. Kyamara ke gadi, ku sai cin tuwon makaranta." Ban ji haushi ba. Na ce ta zauna, ta kira ƙawayenta masu irin tunaninta, in ba su labari.

Aikin farko da aka ba ni ba shi da suna. Lokacin ina wanke-wanke a kicin, sai Gwaggo Dije, tsohuwar da ke riƙe da ɗakunan kwana, ta roƙi shugabar makaranta a ba ta ni. Na ɗauka makulli za ta miƙo min. Sai ta kai ni bakin igiyar shanya ranar Asabar, ta ce, "Tsaya nan. In sun gama ki zo ki gaya min abin da kika gani." Na tsaya har rana ta take. Na koma na ce, "Gwaggo, na ga yara suna wanki." Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Akuyar can ma ta ga haka. Koma wani satin."

Sai da na sha komawa kafin idona ya buɗe. Wadda ke ɓoye zanenta a ƙarƙashin na wata tana waige-waige, ko fitsarin kwance ne, ko girma ya zo mata ba ta da wanda za ta gaya wa. Wadda ke ta cuɗa riga babu kumfa, sabulunta ya ƙare, kunya ta hana ta roƙo. Ƙaramar yarinya mai shanya rigar da ta yi mata yawa, wata babba ce ta mai da ita baiwa. Ranar da na kawo wa Gwaggo waɗannan, ta ce, "To saura mai wuyar. Wanne za ki kai ofis?" Na ce duka mana. Ta ce, "In kin kai duka, gobe ba wadda za ta sake shanya a gabanki." Mai fitsari aka matso da gadonta kusa da ƙofa, ba wanda ya ji dalili. Mai sabulu ta tsinci guntu a bokitinta. Babbar nan mai sa wanki kuwa, ita kam sai ofis, kuma da hannuna na kai ta.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Makullai a ɗaure a ƙugu, don duk inda na doso a ji ni, mai yin abin kunya ta samu damar bari kafin mu haɗa ido. Tocila. Tsohon ƙarfen mota da ke rataye a jikin darbejiya, wanda nake bugawa da asuba. Man zafi, kanwa da citta saboda masu ciwon mara. Allura da zare. Sai mataji da tsinken kitso, waɗanda za ku ji amfaninsu nan gaba. Bulala kuwa Gwaggo ta bar min tata, ta tsufa a rataye har gara ta ci ta.

Ranar ziyara ita ce kasuwarmu, don iyaye su ne masu kayan, mu ajiya aka ba mu. Wani uban zai sauke garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji daga babur, ya ce, "Iya, in ta yi miki ba daidai ba ki karya ta, ni zan ɗora." Wannan, ka taɓa 'yarsa da tsinke ka ga tashin hankali. Wani kuma ba zai ce komai ba sai godiya, amma yana tafe yana duban tsayin katanga. Uwaye su ja ka gefe, su danƙa maka daddawa, su ce a riƙa duba musu ko tana cin abinci. Na koyi sauraron kowa da irin kunnen da ya dace da shi.

Sai muguwar shekara ta zo. Ba a garinmu abin ya faru ba, Allah ya tsare, amma rediyo ya kawo mana shi har tsakar gida: an shiga makarantu a wasu jihohin an kwashi yara an yi daji da su. Rana ɗaya aka ce kowa ya zo ya ɗauki 'yarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina miƙa yara kamar mai raba kayan gado, babura da motocin haya sun cika hanya, wata ta bar takalmi, wata ta bar tuwonta a kwano da cokali a ciki. Na kulle ɗakuna, na koma gida na kama suyar ƙuli. Da aka buɗe, gadaje da yawa ba su samu masu su ba. Waɗanda suka dawo kuwa, ko murfin tukunya ya faɗi a kicin sai ka ga an zabura.

A nan ne kyamara ta shigo rayuwata. Aka zo aka ɗora waya mai ƙaya a kan katanga, aka sa faifan sola a kan rufin ofis, aka liƙa wasu 'yan baƙaƙen idanu a kusurwoyi. Aka kuma haɗa mu da 'yan sintirin gari, shugabansu Sale, wanda na sani tun yana yawo ba wando. Shugabar makaranta ta lokacin, muna ce mata Hajiya kawai, ta hana a sa ko ɗaya a ɗakin kwana ko banɗaki, kuma na yaba mata. Malam Nura mai koyar da kwamfuta shi aka ba ɗakin da talabijin ɗin take, inda makaranta duka ke fitowa gida-gida kamar zanen dara.

Ni fa abin nan ya burge ni, kada ku ce tsohuwa ce ta tsani sabon abu. Na dami Malam Nura da tambaya. Tana ji ko gani kawai take? Gani kawai. Tana gajiya? A'a, sai dai in batir ya yi sanyi. In ta ga abu ta manta? Ya ce tana riƙewa, a dawo da shi baya a sake kallo. Na ce, "Kai, dawo min da jiya in ga kaina." Ya dawo da ita. Ashe haka nake tafiya, kamar agwagwa! Kyamarar nan ita ta kama mana ɓarawon sabulu da muka yi ta zargin yara a kansa, ashe wani bunsuru ne. Ita ta hango wata yarinya da ta yanke jiki ta faɗi a bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda ƙafata ba za ta kai ba sai yamma. Wannan yarinyar yau tana raye da 'ya'yanta, kuma ba ni na cece ta ba.

To, wata ranar Laraba da kaka, an gama yankan dawa, Malam Nura ya aiko a kira ni. Na tarar da Hajiya da Sale a tsaye, ba mai dariya. Ya ce, "Iya, zo ki ga 'yarki." Ya dawo da kwanakin baya. Ga Rukayya, 'yar ajin ƙarshe, yarinya mai shiru-shiru daga wani ƙauye can gefen Minjibir. Kullum bayan la'asar, sauran suna wasa, ita sai ta bi gindin katanga a hankali. Ta tsaya, ta auna da hannu, ta ci gaba. Ta tsaya a ƙarƙashin kowace kyamara ta ɗaga kai, ta juya ta kalli inda kyamarar ke kallo. Ta je ɗakin maigadi ta leƙa. Daga nan ta shige rumfar da muke tara kara da itacen girki a bayan kicin, ba ta fitowa sai an kusa kiran magariba.

Sale ya ce, "Iya, ke da kike cewa kin san numfashin kowa, wannan fa?"

Na ce, "Na ga yanka a yatsunta, na ɗauka takanɗa take sha a ɓoye. Ban san wannan ba. Mu je mu gani, ka daina zare min ido, na goya wanda ya fi ka."

Yara suna aji muka shiga rumfar. A can ƙurya, bayan damman kara, an rufe wani abu da tsohon buhu. Sale ya ɗaga da bakin sanda.

Makarantarmu ce. Duka. A kan wani faffaɗan kwali, an gina ta da kara. Ta ɓare bayan karan ta yi siraran itatuwa da shi, farin ɓargon cikinsa mai laushi ta yanka da reza ta yi bango, ta kafe su da ƙayar aduwa. Ga ajujuwa, ga masallaci, ga tankin ruwa a kan ƙafafunsa, ga igiyar shanya da zare har da 'yan tsummoki a kai. Rufin ofis ta shafa masa shuni, katanga jar ƙasa. Na durƙusa, gwiwa tana ƙara, na ce, "La ilaha illallahu, ga darbejiyata har da ƙarfen!" Na manta da abin da ya kawo mu. So nake kawai in san yadda ta lanƙwasa kara ya zama bakin tanki bai karye ba.

Sale bai manta ba. Ya nuna da sanda. A kowace kusurwa ta liƙa ɗan baƙin iri, ta sa masa tsinke yana nuna inda kyamarar ke fuskanta. Ga ɗakin maigadi da gefen da tagarsa take. Sannan ya kai sandar bayan banɗaki, inda katanga ta zube da damina aka toshe da ƙaya ana jiran gyara. Ita ma ta yi shi, har da 'yan ƙayoyin.

Ya ce, "Hajiya, wannan ba wasan yara ba ne. Taswira ce. Wanda bai taɓa shigowa nan ba, in ya kalli wannan ya san ta inda zai bi. Infoma ba ya zuwa da gemu kullum."

Ku da kuke yara, ku san nauyin kalmar nan. A shekarun nan in aka ce wa gida infoma, wato masu kai wa ɓarayin daji labari, ba korar makaranta kaɗai ba ce. Ubanta ba zai sake zama a majalisa ba, ƙila ma ba zai sake kwana a garin ba. Kuma Sale ba mugu ba ne. Shi ke kwana a raɓa a bayan katangar nan yaranmu suna barci. Hajiya ta ce maganar kada ta fita daga bakin mu huɗu, ta sa aka kira Rukayya ofis.

A ofis yarinya ta zama dutse. Wa ya sa ki? Shiru. Wa za ki kai wa? Shiru, sai hawaye. Sale ya ce, "Kun gani ko?" Hajiya ta ce in har ba bayani, dole ta mai da ita gida ta kuma sanar da na sama, ga jarrabawar fita saura 'yan watanni. Na ce a ba ni ita zuwa la'asar.

Ga amfanin mataji. Yarinya ba ta magana ido cikin ido da babba, balle a gaban maza, balle a tsaye. Na shimfiɗa tabarma a bayan ɗakina, na ce, "Kitson nan naki ya tsufa, kamar saƙar gizo. Zauna." Ta zauna tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya. Na fara tsifa. Ban tambaye ta wa ya sa ta ba. Na tambayi abin da ke cina.

"Ke, bakin tankin nan, yaya kika yi bai karye ba?"

Ta ce, "Jiƙa shi ake yi, Iya. Ya kwana a ruwa."

"Af! Wa ya koya miki?"

"Kawuna ne ke yi mana motoci muna yara. Ni kuma na fi son gidaje."

Muka yi ta hirar kara. Wane ne ya fi laushi, na dawa farfara ko na kaura. Na raba gashi na fara kitso. Sai da na kai tsakiyar kai na ce, kamar da wasa, "Mai wannan kaya dai ya more." Sai na ji wuyanta ya saki.

"Na Inna ne."

Ashe Rukayya 'yar fari ce. Kun san halin iyayenmu mata na ƙauye da ɗan fari. Uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan" ko "'yar nan". Ba ta taɓa zuwa ziyara ba, wai a gan ta ta hau mota takanas don ganin 'yar fari, ina za ta sa fuskarta? Sai dai ta aiko da yaji, ba saƙo. Amma tun muguwar shekarar nan matar ba ta da sukuni. In Rukayya ta je hutu ba za ta iya tambayarta kai tsaye ba, sai ta juya wajen ƙannen ta ce, "Ku tambayi waccan, ɗakin nasu yana kusa da katanga ne?" Rukayya ta ba ƙannen amsa uwar tana ji. Ta gwada zana mata a ƙasa da tsinke, uwar ta wuce ta gefe ta ce ita ba ta gane zanen 'yan boko. Hutun da ya wuce kuma ta ji tana gaya wa uban cewa in waccan ta dawo wannan karon, ta dawo ke nan.

"Shi ne na ce in na kai mata makarantar ta gani da idonta, ta ga ɗakinmu a tsakiya yake, ga naki a bakin ƙofa, ga kyamarori, ƙila ta bar ni in yi jarrabawa."

Na ce, "To ke da kike son kwantar mata da hankali, me ya kai ki yin ɓaragurbin wurin nan na bayan banɗaki?"

Ta juyo, har kitson ya kuɓuce min. "Iya, ai yana nan."

Na mai da kanta na ƙarasa kitson.

Da na kai wa Hajiya, ta yarda rabi. Sale ya ce, "Labari mai daɗi, amma kowa zai iya shirya shi." Ya kuma ce ko da gaskiya ne, abin nan ba zai zauna a duniya ba, don wanda ya yi shi da kyakkyawar niyya ba shi ne zai hana mugu kallonsa ba. Na juya maganar na rasa inda zan kama shi. Hajiya ta yanke: gobe da safe mu kai abin ƙauyen a motarta, a ji daga bakin iyayen, uwar ta gani, sannan a ƙone shi a gabanmu. Ta ce a sa akwatin Rukayya a but, don ba ta san yadda za ta kaya ba.

Haka muka tafi, ni a baya na rungume makaranta a cinya an lulluɓe ta da zanena, duk ramin da muka faɗa sai in ce wa direba ya ji tsoron Allah, zai rushe mana masallaci. Gonaki duk an girbe, dawa a tare, kara a jingine. Sale ya ce Rukayya ta zauna a mota har ya gana da uban tukuna.

Malam Idi, uban, ya fito daga zaure da ƙaiƙayi a hula. Ya ga Hajiya, ya ga ɗan sintiri, fuskarsa ta canja. Sale bai gaya masa komai ba, ya ɗaga gefen zanen kawai. Mutumin ya leƙa, sai ya riƙe baki.

"Kai! Ba dai ta yi ba? Tun hutun salla take ce wa ƙannenta za ta ɗauko wa uwarta makaranta a ka. Na ce to, Allah ya ba da wuya mai ƙarfi. Yarinyar nan ta gama min karan danni da gine-ginenta!"

Na kalli Sale. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, alhamdu lillahi." Magana ɗaya ta mutu a nan. Amma Malam Idi ya hango akwati, ya sauke shi da kansa ya ajiye a zaure, ya ce, "Gara da kuka haɗo da kayanta. Uwarta ta riga ta yanke, ni kuma na gaji da ganin mace tana ramewa a gabana."

Maza suka zauna a zaure. Ni da Hajiya da Rukayya muka shiga ciki. Uwar, Hauwa, tana ɓarar gyaɗa a gindin rumbu. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta gaishe mu, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida, ta kawo fura. 'Yarta ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa tana kallon kaji. Na ajiye kwalin a tsakar gida na yaye zanen.

Hauwa ta ture gyaɗar gefe. Ta goge hannu a zani, ta matso, ta tsuguna. Duk tambayar da za ta yi, ni take yi wa.

"Iya, nan ne ƙofar shiga?"

"Nan ne. Ga maigadi."

"Waɗannan baƙaƙen fa?"

"Su ne idanun da ake faɗa. Wani malami yana zaune yana kallon duk abin da suka gani."

"Har da dare?"

"Har da dare."

"Ikon Allah. Ba sa ƙiftawa?"

Hajiya ta yi dariya ta ce ba sa yi. Hauwa ta kai yatsa kan dogon ɗakin da ke tsakiya. Rukayya ta miƙo hannu ta ɗage rufin. Ni kaina ban san yana ɗaguwa ba. Ga gadaje a jere, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Ɗaya an ɗaura masa jan zare. Hauwa ba ta tambayi na wane ne ba. Ta dube shi, ta dubi ƙaramin ɗakin da ke bakin ƙofa.

"Wannan naki ne, Iya?"

"Nawa ne. Ko tari aka yi ina ji."

Daga nan ta sa yatsa a kan katanga ta fara bi, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta wuce masallaci, ta wuce tanki, ta wuce kicin. Na ga Rukayya ta sunkuyar da kai. Yatsa ya zo bayan banɗaki, ƙaya ta soke shi. Ta tsaya.

"Nan fa?"

Hajiya ce ta amsa, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ruwa ne ya kayar, an toshe da ƙaya, 'yan sintiri suna kwana a wurin, ta kai kuka sama tana jiran gyara.

"Ita ta sa shi a ciki, ko ku kuka ce ta sa?"

Na ce, "Ita ta sa. Saura kaɗan ma ya ja mata kora."

Hauwa ta tsotsi yatsanta. Ta daɗe a tsugune, har kaza ta zo tana neman tsattsagar igiyar shanya aka kore ta. Can ta ɗaga murya ta kan danga.

"Malam!"

"Na'am."

"Tubalin nan da ka buga na gyaran ɗakina."

"Yana nan, ya bushe."

"Ɗakin ya jira baɗi. Akwai inda ya fi shi buƙata."

Sai muka ji Malam Idi yana cewa, "Sale, a garinku akwai mai amalanken shanu, ko in nemo a nan?" Sale ya ce shi zai kawo, kuma yaransa za su kwaɓa ƙasa.

Sai Hajiya ta yi bayanin sharaɗin, cewa abin ba zai kwana ba. Na ɗauka za a yi gardama. Hauwa ta ce, "Gaskiya ne. Abin da na gane, wani ma zai gane." Ta ɗauki kwalin da kanta ta kai bakin murhu, inda tukunyar wake ke kai. Ta fara da katanga, ta ɓalla ta tura. Ajujuwa suka bi, da ofis, da tankin da ya kwana a ruwa. Kara ba ya jan lokaci a wuta. Rukayya tana tsaye ta harɗe yatsunta masu yanka. Uwar ta ce, ba da kowa take ba, "Hannun da ya yi ai bai ƙone ba."

Daga zaure Sale ya ce, "Iya, an gama duka?"

Na duba. Na ce, "Saura gado ɗaya."

Ya ce, "Gado ba taswira ba ne."

Hauwa ta ce, "Na yara ne, su yi wasa da shi." Ƙannen suka miƙo hannu. Ta ƙulle shi a haɓar zaninta, da jan zarensa, ta soke a ƙugu. Ta ɗauki ludayi ta juya wake, ta ba mu baya gaba ɗaya.

"Iya, a ce wa waccan ta tashi ta bi mutane. Rana tana yi."

Muna fitowa muka tarar Malam Idi ya riga ya ɗora akwatin a kafaɗa, ya nufi mota.